An gama ciniki, ba a tambayi mai kaya ba

Ran 12 ga watan Disamba na shekara ta 2024, a birnin St. John's, firaministan jahar Newfoundland da Labrado na lokacin, Andrew Furey, ya ɗaga kwafin wata tsohuwar takarda gaban ƴan jarida ya kekketa ta, takwaransa na jahar Kebek, François Legault, yana wurin. Takardar ita ce kwantaragin shekara ta 1969, wanda ya ba kampanin Hydro-Québec kusan dukkan wutar lantarkin da ake samu a Churchill Falls, can arewa maso gabashin Kanada, bisa wani farashi da ko ɗan gwanjo zai ji kunyar furta shi. Shekara 55 mutanen Newfoundland suka yi suna kukan an cuce su, kuma gaskiya ne an cuce su. Sai dai duk wanda ya bi labarin daga tushe zai tarar jahohin nan biyu sun share rabin ƙarni suna rigima ne a kan rabon kayan da ba su saya ba, ba su gada ba, ba kuma kyauta aka ba su ba. Masu kayan suna nan da ransu, sunansu Innu.

Innu mutane ne da suka haura dubu 20, suna zaune a garuruwa 11, tara a gabashin Kebek, biyu a Labrado. Faransawan da suka fara iske su sun laƙaba musu sunan Montagnais, wato mutanen duwatsu, wasu kuma aka ce da su Naskapi. Su da kansu Innu suke cewa, ma'ana mutane, ƙasarsu kuma Nitassinan, wato ƙasarmu. Ƙasa ce mai tsananin sanyi, mai dazuka da tafkuna da koguna ba iyaka. Shekaru dubbai rayuwarsu ta tafiya ce: da rani ya shigo sai su gangaro bakin teku su kama kifi, su yi aure da ciniki, da sanyi ya matso sai su bi koguna su haura cikin ƙasa suna farautar karibu, wata irin babbar barewa mai ƙaho rassa-rassa, wadda daga gare ta suke samun nama da sutura da fatar tanti, har ibadarsu ta gargajiya a kanta ta dogara. Kogi a wurinsu shi ne hanya. Wanda ya toshe musu kogi daidai yake da wanda ya gina katanga bisa burtalin makiyayi.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, Innu ba su taɓa sa hannu kan wata yarjejeniyar miƙa ƙasarsu ga kowa ba. A wurare da dama na Kanada, masarautar Ingila ta ƙulla yarjejeniyoyi da ƙabilun asali, ko da na zalunci ne, akwai dai takarda da za a nuna. A Nitassinan babu. A shekara ta 1927 wata majalisar alƙalai a Landan ta ja layi a taswira ta raba ƙasar tsakanin Kebek da Labrado, masu farautar da ke ratsa layin kowace shekara ba su ma san an yi ba. A 1949 Newfoundland ta shiga tarayyar Kanada, aka rubuta sharuɗɗan haɗewa dalla-dalla, har da batun jiragen ruwa da dokokin kamun kifi, amma ba a ambaci ƙabilun asali ko da kalma guda ba. Sai a shekara ta 2002 gwamnatin Otawa ta shigar da Innu na Labrado cikin rajistar dokar da ta shafi ƴan asalin ƙasa. Fiye da shekara hamsin suna nan tamkar marayun da dangi biyu ke turawa juna.

Cikin wannan gurbi ne aka yi aikin Churchill Falls. Kogin da ake magana Innu suna kiransa Mishta-shipu, babban kogi. A 1965, bayan rasuwar Winston Churchill, firaministan Newfoundland Joey Smallwood ya sauya wa kogin suna don girmama mamacin, mutumin da bai taɓa shan ruwansa ba. An fara gini a 1967, wuta ta fara fita a ƙarshen 1971, aka kammala a 1974. Injuna 11 ne a cikin wani ɗaki da aka fafe a ƙarƙashin dutse, ƙarfinsu megawat 5,428, wato ya ninka abin da aka tsara barajin Kandaji zai bayar fiye da sau arba'in. Don a tara musu ruwa an gina shingaye 88, aka haɗe tafkuna da fadamu suka zama tafki guda mai faɗin wajen murabba'in kilomita 6,500, aka sa masa sunan Smallwood. Mafaɗar ruwan kanta, mai tsayin mita 75, wadda ake jin rugugin ta daga nesa, yau ɗan tsiyaye ne kawai ke bin dutsen.

A cikin abin da ruwa ya haɗiye har da tafkin Meshikamau, mahaɗar iyalan Innu daga kudu da arewa da yamma. Ba wanda ya je ya shaida musu. Mafarauta sun bar kwale-kwalensu da tarkunansu da kayan zango a inda suka saba ajiyewa kaka da kakanni, suka dawo suka tarar da ruwa iyakar ganin ido. Maƙabartu sun nutse, kuma shekaru bayan haka, da ruwan tafkin ke hawa da sauka yana cin gaɓa, an riƙa ganin ƙasusuwan kakanni a fili. Kifin da ya rage ya ɗauki dafin zaiba, domin idan ruwa ya rufe daji, ciyayi da ƙasa suna ruɓewa, ƙwayoyin halitta su mayar da zaibar da ke kwance cikin ƙasa zuwa wani nau'i mai shiga jikin kifi, daga kifi ya shiga jikin mai cinsa. Ba a biya ko sisi ba a lokacin, ba a ma ga dalilin biya ba. A takardun kampani da na gwamnati wurin daji ne wanda ba kowa.

Kwantaragin 1969 kuwa, ɗan kasuwa zai so ya ji yadda aka ƙulla shi. Labrado ba ta da hanyar fitar da wuta zuwa kasuwa sai ta ratsa Kebek, Kebek kuma ta ce ba ta ba da hanya, sai dai a sayar mata a bakin iyaka. Kampanin da ke ginin kuɗi sun kusa ƙare masa. Hydro-Québec ya tsaya masa wajen masu ba da bashi, ya ɗauki kasadar aikin, ladansa kuma shi ne farashi tsayayye na shekara 40 wanda ke raguwa maimakon hawa, da ƙarin shekara 25 da ke sabunta kansa ba tare da sabon ciniki ba, har zuwa 2041. Tun daga 2016 kowane kilowat na awa guda ana sayen sa kashi biyu cikin goma na santi ɗaya, abin da bai kai tamma guda ta kuɗin sefa ba. Shekara huɗu bayan sa hannu farashin man fetur ya tashi a duniya, wuta ta yi daraja, Kebek ta riƙa sayar wa Amurka da ninki ba ninki. An ƙiyasta cewa zuwa 2019 Kebek ta ci ribar wajen dalar Kanada miliyar 28, Newfoundland kuwa miliyar 2. Sau da dama Newfoundland ta kai ƙara har Kotun Ƙoli, a 1984 ta faɗi, a 2018 ma ta faɗi, alƙalai suka ce alkawari alkawari ne.

Abin lura shi ne hujjar da Newfoundland ta riƙa kafawa duk tsawon shekarun nan: kogin a ƙasarta yake, ba daidai ba ne wani ya kwashe amfaninsa don kawai ya same ta cikin rauni. Hujja ce mai kyau. Ita ce kuma, kalma da kalma, hujjar da Innu ke kafa wa Newfoundland, wadda ta yi shekara arba'in tana toshe kunne. Wanzami ba ya son jarfa.

A ɓangaren Kebek labarin ya ma riga wannan farawa. A 1956 da 1959 aka kunna tashoshi biyu a kogin Betsiamites, kogin kifin samon na mutanen Pessamit. Sannan aka shiga kogunan Manicouagan da Outardes, inda aka gina Manic-5, madatsa mai tsayin mita 214, wadda aka gama a 1968. Ga Faransawan Kebek waɗannan gine-gine sun fi ƙarfin siminti da ƙarfe. A zaɓen 1962 taken jam'iyya mai mulki shi ne su zama masu gida a gidansu, René Lévesque ya jagoranci mayar da kampanonin wuta hannun jaha, injiniyoyi masu jin Faransanci suka nuna wa Turawan Ingilishi da suka daɗe suna raina su cewa su ma sun iya. A waɗannan shekaru ne Kebek ke neman kujerarta tsakanin ƙasashe masu amfani da Faransanci, har a taron Yamai na watan Maris 1970, inda aka kafa hukumar haɗin gwiwar al'adu da fasaha, ɗan Kebek ne, Jean-Marc Léger, ya zama babban sakatarenta na farko. Al'ummar da ke gaya wa duniya zafin zama baƙo a ƙasar haihuwa, a daidai wannan lokaci tana nutsar da zangon wasu. Ba a faɗi wannan don a ci mutuncin Kebek ba. An faɗa ne domin wanda aka danne ba ya rasa wanda shi ma zai danne, kuma yakan fi kowa wuyar yarda cewa ya yi.

Da ƙabilar Cree da Inuit suka kai Kebek kotu kan aikin James Bay, alƙali Albert Malouf ya ba da umurnin tsayar da aiki a watan Nuwamba 1973. Kotun ɗaukaka ƙara ta ɗage umurnin cikin mako guda, amma gwamnati ta tsorata, aka zauna, aka haifi yarjejeniyar 1975. Cree da Inuit sun sami kuɗi da filaye da hukumominsu. Dokar tarayya ta 1977 da ta tabbatar da yarjejeniyar kuwa ta soke haƙƙin dukkan ƴan asalin ƙasa a yankin da ta shafa, har da waɗanda ba su zauna teburin ba, cikinsu da Innu na wajen Schefferville. Wato maƙwabci ya sayar da gonarsa, mai saye ya haɗa da taka a cikin takarda.

Ba gaskiya ba ne a ɗora wa madatsun ruwa duk wata masifar da ta sami Innu. Kafin su akwai ƴan mishan, da makarantun kwana da aka raba yara da harshensu, da dokokin farauta, da ma'adinan ƙarfe, da matsin lambar a zauna wuri guda in ana son taimakon gwamnati. A 1967, shekarar da aka fara haƙa a Churchill Falls, aka kwashe Innu na arewa aka zaunar da su a Davis Inlet, kan tsibiri, cikin gidaje marasa famfo, inda watanni a shekara ba sa iya ƙetarawa zuwa wurin farauta. A watan Fabrairu 1992 yara shida suka ƙone a gobarar gida guda, a farkon 1993 duniya ta ga hotunan yaran garin suna shaƙar fetur. Sai a ƙarshen 2002 aka fara mayar da su Natuashish a kan tudu. Madatsa ba ita ta kunna wannan gobara ba. Amma mutumin da aka toshe wa hanyar komawa daji, aka kuma hana shi abin yi a gari, me ake jiran ya zama? Garin Natuashish ba a haɗa shi da layin wutar Churchill ba, da injin gazuwal aka bar shi.

Tsayin dakan Innu ya fito fili ne ta wata hanya dabam. A shekarun 1980 jiragen yaƙin Ingila da Jamus ta Yamma da Holan suna atisayen tashi ƙasa-ƙasa daga sansanin Goose Bay, suna wucewa bisa kan tantunan mafarauta dab da kan itatuwa. A 1988 da 1989 mutanen Sheshatshiu, mata a gaba, cikinsu da Elizabeth Penashue, suka riƙa tsallake waya suna zama a kan titin jirage. An kama su da dama. A watan Afrilu 1989 alƙali James Igloliorte, shi kansa ɗan Inuit, ya sallami huɗu daga cikinsu bisa dalilin cewa sun yi abin da suka yi ne da imanin gaskiya cewa ƙasar tasu ce. Hukuncin bai tsira a kotun gaba ba, amma maganar ta riga ta fita daga bakin alƙali. Ran 9 ga watan Maris 1998 firaministocin jahohin biyu na lokacin, Brian Tobin da Lucien Bouchard, suka sauka Churchill Falls da ƴan jarida don shelar sabbin madatsu a ƙasan kogin. Innu suka tare hanya, bikin ya watse, manyan baƙi suka koma neman wurin da za su yi jawabi. Daga ranar kowace gwamnati ta gane cewa ba a sake taɓa Mishta-shipu sai da sa hannun Innu.

A nan ne ainihin maganar take. Tun 1977 Innu na Labrado suka shigar da buƙatar a amince da mallakarsu. Shekara talatin ana jan ƙafa. Da gwamnatin Danny Williams ta ƙudura gina Muskrat Falls, sai ga yarjejeniya ta samu cikin hanzari a watan Satumba 2008, aka sa mata suna Tshash Petapen, sabuwar alfijir. Jama'a suka amince da ita da babban rinjaye a ƙuri'ar watan Yuni 2011, aka sa hannu a Nuwamba. Abubuwa uku aka ɗaure cikin ƙunshi guda. Akwai diyyar ɓarnar Churchill Falls, dala miliyan 2 kowace shekara har 2041, daga nan kuma wani kaso na kuɗin shigar tashar. Akwai amincewar Innu da sabbin madatsu, a ba su kashi 5 cikin ɗari na ribar aikin da fifiko wajen ɗaukar ma'aikata da kwangila. Na uku shi ne batun ƙasa: wajen murabba'in kilomita 13,000 su zama mallakarsu, da haƙƙin farauta da sa baki a wani yanki da ya fi wannan faɗi.

Mai karatu ya dubi yadda aka jera su. Amincewa da madatsa ta fara aiki nan take, buldoza ta shiga daji. Batun ƙasa kuwa yarjejeniyar share fage ce kawai, sai an sake zama da Otawa an kammala, kuma madatsar Muskrat Falls ta gama ginuwa, ta cika da ruwa, ta fara ba da wuta, cikakkiyar yarjejeniyar ƙasar ba ta fito ba. Diyyar tsohon laifi ma ba a biya ta don laifi ne ba, an riƙe ta ne har ranar da ake buƙatar sabon sa hannu. Duk ɗan kasuwa ya san wannan dabara: wanda ya ci bashinka ya ce zai biya, amma sai ka ƙara masa wani kayan. Ma'aikacin gwamnati kuma ya san ɗaya dabarar, ta fayil ɗin da ba a ƙi ba, ba a kuma sa masa hannu ba, ana ajiye da shi a aljihun tebur saboda ranar da zai yi amfani.

Masu kare gwamnatocin suna da abin faɗa, kuma ba shirme ba ne. Wutar ruwa ba ta hayaƙi, miliyoyin mutane a Kebek da ita suke ɗumama gidajensu cikin sanyin da ke kashe mutum a dare ɗaya. Shugabannin Innu da jama'a suka zaɓa su ne suka yi cinikin, jama'ar kuma suka kaɗa ƙuri'a, wanda ya ce an yaudare su tamkar ya ce ba su san ciwon kansu ba. Matasa suna son albashi, ba duka ne ke son komawa tanti ba, garken karibu na kogin George da ya kai wajen 800,000 a farkon shekarun 1990 ya ragu zuwa wajen 5,500 a 2018, har tun 2013 aka hana farautarsa a Labrado. Ko da babu madatsa ko guda, tsohuwar rayuwa ba za ta dawo yadda take ba. Duk wannan haka yake. Amma ƙuri'ar wanda aka ce masa ga diyyar kabarin kakanka, sharaɗin karɓa shi ne ka ba da sauran kogin, ba za a auna ta da ma'auni ɗaya da ta wanda ke riƙe da takardar filinsa ba, wanda zai iya cewa a'a ya tashi bai yi hasarar komai ba. Elizabeth Penashue ta ci gaba da adawa har bayan ƙuri'ar, shekara da shekaru tana jagorantar tafiya a ƙasa da cikin kwale-kwale a Mishta-shipu don jikoki su ga abin da za a nutsar. Gida ya rabu, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Muskrat Falls kuwa ta zama abin da ta zama. An amince da aikin a Disamba 2012 kan dala miliyar 6.2, kafin a gama ya haura miliyar 13, don megawat 824. Masu bincike na jami'ar Harvard sun yi kashedin cewa dafin zaiba zai ƙaru a tafkin Melville, inda Inuit da Innu ke kamun kifi, in ba a share daji da ƙasar sama ba kafin a cika ruwa. A Oktoba 2016 masu zanga-zanga, Inuit da Innu da sauran mazauna Labrado, suka kutsa cikin sansanin ma'aikata, wasu suka shiga yajin cin abinci, gwamnati ta yi alkawarin kwamitin masana. Kwamitin ya ba da shawara, gwamnati ta yi ta jinkiri har lokacin aikin kariyar ya wuce, aka cika tafki a 2019, aka kuma miƙa wa ƙungiyoyin ƴan asalin ƙasa uku dala miliyan 10 kowace. Ta Innu ta karɓa, gwamnatin Inuit ta Nunatsiavut ta ƙi. Alƙali Richard LeBlanc, da ya binciki aikin, ya fitar da rahoto a 2020 mai cewa an ɓoye wa jama'a gaskiyar kuɗi da haɗarin. A 2021 da Otawa da Newfoundland suka sake tsara bashin aikin don kada kuɗin wuta ya ninka wa talakawa, sun yi shi ba tare da Innu ba, alhali sabon tsarin yana taɓa ribar da kason nan na kashi 5 zai fito daga ciki. Sai da Innu suka garzaya kotu aka saurare su. Kaso cikin riba ba shi da amfani in wani ne ke riƙe da littafin lissafi.

A Kebek ma salon ɗaya ne. A 1994 majalisar Uashat mak Mani-utenam ta sa hannu kan madatsar Sainte-Marguerite-3, waɗanda suka tare hanya don adawa wasunsu suka kwana gidan kaso. A 2009 aka fara tashoshi huɗu a kogin Romaine, megawat 1,550. Sau biyu a shekara ta 2011 mutanen Uashat mak Mani-utenam suka ƙi amincewa da tayin Hydro-Québec kan layukan wutar da za su ratsa ƙasarsu, sau biyu ana ci gaba da kafa turaku. A Maris 2012 suka tare hanya mai lamba 138, ƴan sanda suka buɗe ta da umurnin kotu. A watan Afrilu wasu mata suka taka a ƙasa zuwa Montreyal, tafiyar wajen kilomita 900, kamar daga Yamai zuwa Damagaram. Idan "e" tana ɗaure mutum har abada, "a'a" kuma ba ta tsayar da ko turke ɗaya, to me sunan wannan ƙuri'a?

Ba za a ce dokar Kanada ba ta motsa ba. Tsarin mulkin 1982, a sashe na 35, ya amince da haƙƙoƙin ƴan asalin ƙasa. A 1997, cikin shari'ar Delgamuukw, Kotun Ƙoli ta yarda a karɓi tarihin baka a matsayin shaida. A 2004 ta wajabta wa gwamnati tuntuɓar ƙabila kafin a taɓa ƙasar da take da'awa, a 2014 kuma, karon farko, ta tabbatar wa wata ƙabila, Tsilhqot'in, mallakar wani yanki takamaimai. Sai dai tuntuɓa ba ta nufin sai an yarda, shari'ar mallaka kuma tana cin shekaru ashirin da kuɗin da ƙaramin gari ba shi da su, madatsa kuwa shekara shida zuwa goma ta ishe ta. Garuruwa uku na Innu, Essipit da Mashteuiatsh da Nutashkuan, sun cim ma yarjejeniyar share fage tun 2004. An sa ranar 31 ga Maris 2023 don kammalawa, ranar ta zo ta wuce Kebek ba ta sa hannu ba.

Shi ya sa abin da ya faru a kogin Magpie ya cancanci a tsaya a kansa. Innu suna kiransa Muteshekau-shipu, kuma ya taɓa shiga jerin kogunan da Hydro-Québec ke hange. A Fabrairu 2021 majalisar Innu ta Ekuanitshit, ƙarƙashin shugabanta Jean-Charles Piétacho, da hukumar gundumar Minganie ta Turawan yankin, suka zartar da ƙuduri iri ɗaya: kogin yana da matsayin mutum a gaban doka, da haƙƙoƙi tara, ciki har da na gudana da na kai ƙara ta bakin masu kula da shi. Shi ne na farko a Kanada. Ƙudurin ƙananan hukumomi ne, ƙarfinsa bai kai na dokar jaha ba. Muhimmancinsa a wani wuri yake: wannan karon Innu sun riga injiniya isa bakin kogi, kuma sun isa tare da maƙwabtansu masunta da masu masaukin baƙi, waɗanda a da ake tsoratar da su da cewa Indiyawa za su ƙwace musu gidaje.

A Oktoba 2020 ƙungiyar Innu ta Labrado ta shigar da ƙarar neman dala miliyar 4 kan ɓarnar Churchill Falls, a 2023 Uashat mak Mani-utenam ta shigar da tata ta miliyar 2.2. Hydro-Québec, mai kashi 34 cikin ɗari na kampanin tashar, wanda kuma ya fi kowa cin moriyarta, ya yi shekara hamsin bai biya Innu na Labrado komai ba. Takardar fahimtar Disamba 2024 ta zo da sabon farashi ga Newfoundland, ta zo kuma da shirin gina Gull Island, megawat wajen 2,250, a kan wannan kogi dai. Wata shida bayan haka, a Yuni 2025, aka ba da sanarwar yarjejeniyar share fage tsakanin Hydro-Québec da shugabannin Innu na Labrado: dala miliyan 87 cikin shekara 16, da kashi 3 cikin ɗari na ribar da kampanin ke karɓa daga tashar, bisa sharaɗin jama'a su amince da ƙuri'a. Miliyan 87 a gefen miliyar 4 da aka nema, da miliyar 28 da aka ci, kowa ya yi lissafinsa. A Oktoba 2025 jam'iyyar Tony Wakeham ta ci zaɓe a Newfoundland bisa alkawarin sake duba takardar fahimtar da kai ta gaban masu zaɓe.

Abin da ya dace a wannan gaɓa ba boyayye ba ne. Otawa da Kebek da St. John's su kammala yarjejeniyoyin ƙasa da suka fara tun shekarun 1970, ba tare da sun haɗa su da wani aikin wuta ba. Diyyar Meshikamau da Betsiamites da Manicouagan a biya ta a matsayin bashin da ya riga ya hau wuya. Bayan haka sai a zo da taswirar Gull Island a ajiye gaban mutanen Sheshatshiu da Natuashish, da na Uashat da Matimekush waɗanda layin 1927 ya bar su a ɗaya gefen, a tambaye su, su kuma ba da amsa kafin a tayar da buldoza ta farko.